Yadda ake rainon madaci a ƙofar gida, daga ƙwaya har ya fi ƙarfin akuya

Masu sabon gini a Garwa da Marwa da Injamena sun fara wata tambaya da a da ba a saba jin ta ba: ko za a iya dasa ƙaton itacen nan na Turai mai faɗin kai, wanda Faransawa ke kira shen, Larabawa kuma ballut? Wasu har sawa suke yi 'yan'uwansu da ke karatu a waje su aiko musu da 'ya'yansa a ambulan. Amsar dai ita ce kada mutum ya wahalar da kansa.

Ballut dangi ne babba, iri wajen 500, kuma kusan dukkansu 'yan arewacin duniya ne: Turai, Asiya, Amurka, da Meziko wadda ta fi kowace ƙasa yawan ire-irensa. A nahiyarmu ba ya fitowa da kansa sai can gaɓar arewa, musamman a Maroko da Aljeriya da Tunisiya, inda ake da wanda ake ɓare ɓawonsa a yi toshiyar kwalba. Dajin Mamora da ke kusa da Rabat cike yake da shi. Wanda ya fi shiga hoto kuwa, na Ingila da Faransa, zubar da ganye yake yi kafin sanyi, ya kwanta wata da watanni cikin ɗari, sannan ya farka ya yi toho. In bai sami wannan hutun ba, haka zai yi ta jan jiki har ya ƙare. Ƙwayarsa ma ba ta jure bushewa, da ruwan jikinta ya tsane ta mutu, shi ya sa ta cikin ambulan ba kasafai take tsira ba. In ma ta tsira, Afrilu na nan yana jiranta, lokacin da zafi a Garwa da Kuseri ke haura digiri 40.

Abin da mai tambayar yake nema ai sananne ne. Itace yake so mai kwarjini, mai kaurin gindi, mai inuwar da za a shimfiɗa tabarma goma a ƙarƙashinta, wanda jikokinsa za su tarar. Wannan kuwa muna da shi, madaci ke nan, wanda Fulani ke kira ɗalehi, masana tsirrai kuma Khaya senegalensis. Wasu ƙasashen sun riga mu ganin darajarsa a matsayin itacen ado: yana jere a titunan Hanoi ta Biyetnam, ana dasa shi a Singafo, haka ma a Darwin ta arewacin Ostareliya. Mu da muke da shi a bakin mayo, wato rafi, ɓawonsa kawai muke gani.

Ka fara sanin halinsa

Madaci ɗan gida ɗaya ne da darbejiya, amma ya fi ta girma nesa ba kusa ba, ya kuma fi ta jinkirin tashi. A wuri mai kyau yakan kai mita 30, gindinsa ya wuce mita ɗaya a kauri. Ɓawonsa ruwan toka ne mai ɓamɓaroki, in aka sare shi cikin ja ne, yana fitar da ƙaro. Ganyensa jere yake bibbiyu a kan tsinke ɗaya, kore shar mai sheƙi, sabon tohon kuma jaja-jaja. Yana zubar da tsohon ganye da rani amma nan da nan yake mayar da sabo, don haka a tsakiyar bazara, sa'ad da aka fi bukatar inuwa, yana da ita. Furensa ƙanana ne farare, ba abin kallo ba ne. Kyawun madaci a tsayuwarsa yake.

Asalinsa daga Senegal ne har zuwa Sudan da arewacin Yuganda, a wuraren da ruwan shekara ke kaiwa tsakanin milimita 650 da 1,300. Garwa, mai samun kusan 1,000, tana tsakiyar gidansa. Marwa, mai kusan 800, ita ma ba laifi. Mundu da Sar ba su da matsala. Injamena da Kuseri su ne a bakin iyaka, domin ruwansu bai cika wuce 600 ba, kuma a irin wannan wuri madacin daji yakan laɓe ne a gaɓar kogi inda saiwarsa ke taɓa ruwan ƙasa. Ba wai ba zai yi a can ba, yana yi, sai dai ban ruwan shekarun farko zai fi tsawo, kuma wanda ke kusa da Shari ko Logon ya fi na cikin tudu sa'a.

Wuri

Yawancin madacin da aka sare a cikin gari ba cuta ce ta kashe su ba, wurin da aka dasa su ne bai dace ba. Mutum ya ga ɗan dashe bai kai gwiwa ba, ya kafa shi taku biyu daga katanga, bayan shekara goma sha biyar katanga ta tsage, a kira mai gatari. Ka ba shi aƙalla mita 8 daga ɗaki, katanga, rijiya da ramin salga, in da hali ma 10. Ka ɗaga kai ka duba wayar lantarki. In tana sama, nemi wani wurin, ko ka dasa ɗan ƙaramin itace irin lemo. In jere za ka yi a bakin hanya ko filin makaranta, bar mita 10 zuwa 12 tsakanin kowane biyu. Da farko wurin zai yi kamar wofi, kada wannan ya ruɗe ka ka cusa su kusa da juna.

Ɓangaren yamma na gida ya fi dacewa, saboda ranar la'asar ce ke gasa bango ta hana barci da dare. Gidan da filinsa bai wuce mita 15 a faɗi ba, gaskiya madaci ya fi ƙarfinsa; a dasa a waje, ƙofar gida, bayan an yi magana da maƙwabci da mai unguwa.

Ƙasar da ya fi so ita ce mai zurfi, jigawa mai haɗe da ɗan laka, irin ta gefen fadama. Yana jure ambaliyar damina ta ɗan lokaci in ya girma. A baƙar laka mai tsagewa da rani, wadda Fulani ke kira karal, inda ake dasa masakwa, yana iya yi amma sai an ɗaga masa gindi kada ruwa ya kwanta masa yana ƙarami. A fako, wato harde, ko inda marmara ke kusa da sama, sai an fasa da diga har a wuce taurin, in ba haka ba saiwar za ta bi sama-sama.

Iri

Madaci ba ya fara 'ya'ya sai ya kai shekara ashirin ko fiye, don haka wurin tsohon itace za ka je. Zaɓi uwa mai miƙaƙƙen gindi, mai cikakken kai, wadda ba a yi wa kaca-kaca da sara ba. 'Ya'yan suna nuna da rani, galibi daga Janairu zuwa Afrilu. Ɗan madaci dunƙulalle ne, girman ƙaramin lemun tsami zuwa babba, mai taurin katako, ruwan toka. In ya nuna sai ya tsage daga sama ya buɗe gida huɗu, a ciki ga ƙwayoyin nan falle-falle ruwan ƙasa an jera su ɗaya kan ɗaya, kowace da ɗan siririn fiffike kewaye da ita, iska na kaɗawa su watse. Dabarar ita ce ka tsinko shi da gora lokacin da ya fara nuna alamar tsagewa, ka shanya a faifai a rana kwana biyu ko uku, ya ƙarasa buɗewa a gabanka. Wanda ka tsinta a ƙasa sau da yawa ƙwari sun riga ka.

Ka zauna ka tsince. Duk ƙwayar da ke da ɗan huji, ko wadda ka matsa ka ji ba komai a ciki, jefar. Sabon iri mai kyau kusan duka yake tsira, amma ba ya jimawa. In ya yi 'yan watanni a ɗaki mai zafi, ƙarfinsa ya tafi. Saboda haka kada ka sayi irin da ba ka san lokacin da aka tsince shi ba, kuma kada ka ajiye naka sai baɗi. In dole ne ya jira mako kaɗan, gauraya shi da toka mai sanyi, ka sa a ƙwarya ko jakar takarda a wuri mai inuwa. Leda tana gumar da shi.

Reno a leda

A shekararsa ta farko madaci ƙasa yake yi wa aiki. Sama za ka ga kamar ya tsaya, alhali yana tura doguwar saiwa ne zuwa ƙasa, kuma wannan saiwar ce ke sa ya fi sauran danginsa jure fari. Duk abin da za ka yi a wurin reno, don kare ta ne. Shi ya sa ledar ruwan sha da yara ke tarawa ba ta dace da shi ba, ta yi gajarta, saiwar na isa ƙasa sai ta naɗe. Nemi baƙar ledar dashe mai zurfin santimita 25 zuwa 30, mai huji a gindi.

Haɗa ƙasa kashi biyu, yashin mayo kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Takin ya zama wanda ya shekara, ya yi baƙi, ba ya wari ba ya zafi. Cika ledar, ka jiƙa ta, washegari ka kwantar da ƙwaya biyu a kowace, ka rufe da ƙasa kaurin yatsa ɗaya. Ba ya bukatar a jiƙa shi ko a fasa shi kamar irin bagaruwa. Ajiye ledojin ƙarƙashin rumfar zana wadda rana ke ɗan ratsawa, ban ruwa safe da yamma da abin yayyafi, kada a kwarara. Cikin mako biyu zuwa uku za ka ga sun ɓullo. In duka biyun sun fito, bar mai ƙarfin, ka yanke ɗayan da reza a daidai ƙasa. Tumɓuke shi zai girgiza saiwar ɗan'uwansa. Kaji da ɓeraye da gyare su ne ɓarayin wannan mataki.

Bayan wata guda fara rage zanar, har su saba da rana sosai. Kowane mako biyu ko uku ka ɗaga kowace leda ka sauya mata wuri, duk saiwar da ta leƙo ta huji ka datse ta da wuƙa mai kaifi. Wanda aka shuka a Maris zai kai kamar taƙi ɗaya ko fiye a Yuli, kuma ana iya dasa shi haka a cikin gida. Na bakin hanya kuwa, a ganina gara a sauya masa babbar leda ko buhun siminti, a riƙe shi har damina ta gaba ya kai ƙugu.

In saye za ka yi wurin masu reno na bakin titi ko gandun ma'aikatar daji, kada tsawo ya ja ka. Ka ce, "Malam, ɗaga min ita in ga gindin." In ledar ta ƙi ɗaguwa saboda saiwa ta kama ƙasa, ko ka ga wata murɗaɗɗiyar saiwa mai kaurin yatsa ta fasa ta, bar masa kayansa. Ɗauki gajere mai kaurin kara, mai kai ɗaya, mai koren ganye.

Akwai kuma hanyar da ta fi duka sauƙi ga wanda ke da shinge mai kyau: a shirya ramin, a shuka ƙwaya uku kai tsaye a cikinsa da saukar damina, daga baya a bar ɗaya. Saiwar ba ta taɓa sanin leda ba, sai ta miƙe abinta. Matsalar kawai sai an sami irin da bai tsufa ba a lokacin.

Rami da dashe

Haƙa ramin tun a Mayu, kafin ruwa ya zauna. Faɗi santimita 60, zurfi 60 a ƙasa mai laushi. A mai tauri kai shi 80 ko mita guda, ka kuma sassare gefunan da ƙasan da diga kada su yi sumul. Ƙasar sama a gefe ɗaya, ta ƙasa a ɗaya gefen. Zuba bokiti biyu na ruwa ka dawo washegari. In ka tarar da ruwan yana nan, wurin na riƙe ruwa, sai ka ƙara zurfi ka fasa abin da ya tare, ko kuma ka yi dashen a kan ɗan tudu. Gauraya ƙasar saman da kwanon sarki biyu na ruɓaɓɓen taki da ɗan toka, ka mayar cikin ramin, ka bar ruwan farko ya zaunar da ita. Ɗanyen kashin shanu ba ya shiga wannan rami. Yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da ƙasa ta jiƙu har ƙasa kuma ruwa ya daidaita: ƙarshen Yuni zuwa Yuli a Garwa da Gidar, Yuli a Marwa da Kaele, tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta a Injamena. Dashen Satumba asara ne, sai ga wanda ya shirya ɗaukar jarka tun daga Oktoba ba fashi.

Yi shi da yamma, bayan an yi ruwa. Kwantar da ledar, ka yanke gindinta gaba ɗaya da reza kamar kaurin yatsa biyu, har da ƙasar da saiwar da ta naɗe a wurin. Kada ka ji tausayi, saiwar da ta naɗe ba ta warwarewa, haka za ta yi kauri a murɗe ta shaƙe kanta bayan shekaru. Sa shi a ramin, tsaga ledar ta gefe ka zare ta ba tare da dunƙulen ƙasar ya fashe ba. Wuyan dashen, wato inda kara ya haɗu da saiwa, ya zo daidai da bakin ƙasa. Mutane na son binne shi da zurfi wai don ya kafu, ruɓewa yake yi. Cika, ka taka a hankali kewaye da shi, ka ba shi bokiti guda ko da ƙasa a jiƙe take. In wurin gangare ne, yi masa kunya mai siffar rabin wata a ɓangaren ƙasa don ta tare ruwan da ke gudu.

Shinge kafin ka shiga gida

A ranar da aka dasa ake yin shinge, ba gobe ba. Ganyen madaci abincin dabbobi ne, makiyaya na sassabe shi su ba shanu da rani, akuya kuwa ba ta ƙyale shi. Cizo ɗaya a kan tsiron sama ya isa ya mayar da kai baya shekara guda. Ragar waya mai tsayin mita ɗaya da rabi a kan turaku huɗu ta fi komai. Jan bulo da aka jera da tazara, iska na shiga, shi ma yana yi, kuma ba a cika sace shi ba. Ƙayar magarya ko aduwa tana aiki muddin ana sabunta ta, don takan zube cikin shekara, wani lokacin ma a kwashe ta a hura wuta. Ganga da aka fasa gindinta ita ce ba na so, da bazara ƙarfen na ɗaukar zafi ya dafa ɗan itacen. Ko wane iri ka yi, ya yi faɗin da akuya ba za ta miƙa wuya ta kai ga ganye ba, ka kuma bar ƙofar da hannunka zai shiga.

Ruwa

A daminar farko sama za ta yi maka aikin, sai in an yi fashin ruwa fiye da mako guda. Aikinka na gaske yana farawa ne da ɗaukewar ruwa. A ranin farko jarka mai lita 20 sau biyu a mako ta isa lokacin hunturu, daga Maris zuwa saukar ruwa a ƙara zuwa sau uku in ƙasar yashi ce. A rani na biyu sau ɗaya a mako. A na uku sai da bazara kawai, in ka ga sabon ganye na langaɓewa da safe. A Injamena ƙara shekara ɗaya ko biyu a kan wannan lissafi. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka in aka tara a bokiti ya wadatar. Wanda ke da omo mai yawa ko gishiri ne ba a so.

Yadda ake zuba ruwan ya fi yawansa muhimmanci. Ɗan yayyafi kullum yana koya wa saiwa zama a sama. Ruwa mai yawa lokaci guda, sannan a bar ƙasa ta sha iska, shi ke jan ta zuwa ƙasa. Binne tsohon tulu mai ɗan tsagu, ko guntun bututun roba mai tsawon kamu ɗaya, taƙi biyu daga gindin, ka riƙa zuba ruwan ta ciki kana rufe bakin. Mutanen Darwin sun ga abin da saiwar sama ke jawowa. Bayan guguwar Tracy ta rushe garin a 1974 sun dasa madaci da yawa don samun inuwa da wuri, da guguwar Marcus ta zo a Maris 2018 sai ga manya-manyansu a kwance kan tituna da motoci, kuma cikin dalilan da aka bayar har da ƙasa marar zurfi da ban ruwan sama-sama. Mu ma muna da iskar farkon damina da ke ɗauke kwano.

Rufe kewayen gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don rage ƙafewar ruwa, amma bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsu da karan. Gara ta fi kama dashen da ƙishirwa ta riga ta raunana. In ka ga ta fara gini a jikin karan, kankare, ka barbaɗa toka ko dakakken ƙwallon darbejiya, ka ƙara ruwa. Turken da za ka ɗaure shi da shi in iska na kwantar da shi ya zama ƙarfe ko itace mai tauri, a ɗaure da tsumma ko robar tayar keke sako-sako yadda zai riƙa ɗan motsi, a kwance bayan shekara.

Tsutsar kai

Nan ne mafi yawan masu dashe ke karaya. Wata rana da damina, itacen na cikin tashi gwanin sha'awa, sai ka ga tsiron saman ya sunkuyar da kai ya yi baƙi. Matsa kusa ka duba. A hammatar ganye, ƙasa kaɗan da inda ya bushe, za ka ga ɗan tarin gari kamar na zarto, a manne da ƙaro da zare-zare irin na gizo. Tsaga wurin da reza, cikin karan rami ne, a ciki kuma ga 'yar tsutsa. Ɗiyar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare, masana na kiransa Hypsipyla robusta. Yana ƙwai a kan ɗanyen toho, tsutsar ta huda ta shiga ta cinye bargon. Kan ya mutu, itacen ya fitar da rassa uku ko huɗu a madadinsa. Wannan ƙwaron ne ya daɗe yana hana gandun katakon madaci yin nasara a Afirka ta Yamma, domin mai katako dogon gungume miƙaƙƙe yake so.

Kai kuwa ba katako kake nema ba, inuwa kake nema, kuma wannan ya sauƙaƙa maka lamarin ƙwarai. Abin da kake bukata kawai shi ne gindi ɗaya miƙaƙƙe har mita 3 a cikin gida, ko 4 zuwa 5 a bakin hanyar da manyan motoci ke bi. Da ya wuce nan, tsutsar ta yi ta rabe masa kai, faɗin inuwa take ƙara maka. Ashe yaƙin na shekara uku ne zuwa biyar, kuma da reza da almakashi ake yin sa.

Da ka ga alamar, yanke kan zuwa ƙasa kaɗan-kaɗan har ka isa inda karan yake cike ba rami, ka murƙushe tsutsar, ka ƙona guntun. Bayan 'yan makonni sabbin tsirrai za su fito kusa da yankan. Kada ka yi gaggawa. Bari su kai taƙi guda, sannan ka zaɓi wanda ya fi ƙarfi ya fi kallon sama, ka cire sauran. In ya ɗan karkace, ɗaure shi da tsumma a jikin sanda na wata biyu. Ɗan gwiwar da zai bari a jikin gindin zai ɓace yayin da itacen ke kauri. Tsutsar tana iya dawowa a damina ɗaya sau biyu, sai ka sake. Duba shi kowane mako daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin da yake toho.

Feshi ba ya biyan wahalarsa, domin tsutsar na cikin kara inda magani ba ya kai wa. Maganin auduga da wasu ke ɗebowa su fesa a tsakar gida, inda yara da kaji ke yawo, haɗarinsa ya fi amfaninsa. Abin da yakan taimaka shi ne 'yar inuwa ta gefe. Shuka zogale biyu ko uku kamar mita ɗaya da rabi daga dashen. Suna tashi da sauri, su tsare shi ta gefe su bar masa sama a buɗe, sai ya miƙe yana neman haske bai damu da yin rassa ba. In ya kere su, a sare zogalen, an ci ganye an kuma yi miya a tsakani.

Rassan ƙasa kuma a riƙa rage su sannu a hankali, da hunturu, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a shekara. Wanda ya aske dashe tas ya bar ɗan tuntu a sama, siririn kara zai samu wanda iska za ta karya. Yanke reshe tun bai wuce kaurin babban yatsa ba, a daidai bayan ɗan kumburin da ke gindinsa, kada a bar kututture kada kuma a shafe shi har jikin uwar. Ba a shafa baƙin mai a wurin yankan. Itacen zai rufe abinsa.

Masu ɓawo

Da gindin ya kai kaurin cinya, wani sabon abokin gaba zai bayyana, kuma mutum ne. Kowa ya san ɗacin madaci, kowa kuma ya san ana jiƙa ɓawonsa a sha don zazzaɓi da ciwon ciki, ana ba dabbobi ma. Dubi madatan bakin titi a kowane gari namu, daga ƙasa har iya inda hannu ke kaiwa duk tabo ne. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawon nan yake sauka zuwa saiwa. In aka ɓare gefe ɗaya, itacen zai warke a hankali. In aka zagaye shi, saiwa za ta mutu da yunwa, bayan shekara ɗaya ko biyu kan ya bushe, mutane su ce ai tsufa ne.

Hanawa ƙiri-ƙiri ba ta cika aiki ba, da asuba za a zo. Naɗe gindin da ragar waya sako-sako har sama da tsayin mutum, kana sassauta ta duk shekara. Farar ƙasar da ake shafa wa itatuwan titi tana nuna cewa itacen na da mai shi, wannan ma wani abu ne. In kuwa dattijon unguwa ne ya zo da 'yar adda, fita ka gaishe shi, ka ce, "Baba, wannan yaro ne tukuna, bai kai a taɓa shi ba. In Allah ya kai mu sanyi zan rage masa rassa, zan aiko a kawo maka ɓawonsu har gida." Ka kuma cika alkawarin. Ɓawon reshen da ka yanke ɗacinsa ɗaya ne da na gindi.

In ya girma

Daga shekara ta biyar zuwa sama aikin ya ragu, sai kiyaye 'yan abubuwa. Kada a malale gindinsa da siminti. In za a yi daɓe, a bar masa fili aƙalla mita biyu kowane gefe. Kada a tara shara a ƙona a ƙarƙashinsa, wuta na cin ɓawon ta buɗe wa ruɓa hanya. Ganyen da ya zubar a tara a rami ya zama taki. In kauci ya kama reshe, a yanke reshen ƙasa da inda ya manne. Kowace shekara a watan Afrilu, kafin iskar farkon damina, tsaya daga nesa ka ƙare masa kallo: busasshen reshe, reshen da ya tsage a hammata, ko wanda ya yi nauyi a kan rufi, a sauke shi. Gundule kan gaba ɗaya, yadda ake yi wa darbejiya, ba ya yi wa madaci kyau. Rassan da za su fito daga baya ba su kafu sosai ba, su ne masu faɗowa.

Kafin a sare babban reshe ko itacen kansa, ko da kai ka dasa, je wurin malaman daji ka nemi izini. A Chadi hukuma ta tsananta kan saran ɗanyen itace da gawayi tun ƙarshen 2008, a Kamaru ma akwai doka. Madaci ya ragu a daji ƙwarai saboda katakonsa, har taron ƙasashe kan cinikin tsirrai da namun daji da aka yi a Panama a Nuwamba 2022 ya sa shi cikin itatuwan da ba a fitar da katakonsu ƙetare sai da takarda.

Mai hawan da za ka ɗauka ya zo da igiya da zarto, ba adda kaɗai ba. Ya ɗaure reshen tukuna, ya fara yanka ta ƙasa kamar kashi ɗaya cikin uku, taƙi biyu daga jikin uwar, sannan ya yanka ta sama gaba kaɗan da wancan har reshen ya rabu, a sauke shi da igiya. Daga nan sai ya dawo ya cire guntun da ya rage a daidai kumburin. In aka fara ta sama, nauyin reshen zai fizgo ɓawon ya yage shi har gindi. Reshen da ya yi kauri kada a faskara shi a murhu. A jingine shi a inuwa ya bushe a hankali, masassaƙi zai fitar da turmi ko kujerar tsugunno a ciki.